Na yi wa tablet ɗina riset kafin in ba ƙanwata, ga yadda abin ya kaya

Jama'a, sati biyu ke nan da na goge tsohuwar tablet ɗina ta Android kakaf, na mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, don ƙanwata ce za ta ci gaba da karatu da ita. Na ce bari in rubuta abin da na gani tun yana sabo a kaina, saboda wannan ne karo na biyu da na yi, kuma na farkon ya ba ni wahala sosai.

A karon farko, shekarun baya, wata tablet ce ta yi nauyi tana ta maƙalewa, sai na kashe ta na danne maɓallin kunnawa da na ƙara sauti tare, wannan baƙin sikirin mai ƙananan rubutu ya fito, na gangara na zaɓi goge komai. Ta gama lafiya lau, ta kunnu, na zaɓi yare, na haɗa waifai, kawai sai ta tsaya cak tana cewa sai na sa akawun ɗin Google da ke kanta a da. Ni kuwa imel ɗin nan tun ranar da na buɗe shi ban sake rubuta fasuwod ɗinsa ba, kullum a buɗe yake. Kwana da kwanaki tablet na ajiye kamar faranti kafin na samu na dawo da akawun ɗin ta lambar wayata. Daga baya na gane ba lalacewa ta yi ba, tsaro ne da aka sa tun Android 5.1 a 2015 don kada ɓarawo ya ɗauki na'urar mutum ya goge ya more. Masu iPad ma suna da irinsa tun iOS 7 a 2013, yana haɗe da Find My, tsarin Apple na neman na'urar da ta ɓata. Gaskiya tsarin yana da kyau, ni ne ban san da shi ba.

To wannan karon ban yi gaggawa ba. Abu na farko da na yi shi ne na buɗe burauza a kwamfuta na gwada shiga akawun ɗin da hannuna, sai da na ga ya buɗe hankalina ya kwanta. Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, Google da kansu sun ce in ka canza fasuwod yanzu-yanzu, ka jira awa 24 kafin ka yi riset. Wato in ka manta ka sake sabo yau, ka haƙura sai gobe.

Sai maganar bakof, wato ajiye kwafin bayananka a wani wuri, kuma nan ne ainihin aikin yake, shi ya cinye min yamma guda. Bakof ɗin da ke cikin saiti yana kwashe lambobi, jerin manhajoji, saƙonni da wasu saituttuka, ya yi min wannan ba matsala. Amma kar ka ɗauka ya kwashe komai. Fayilolin da na sauke, PDF na karatu da takardun da na yi sikanin, suna zaune ne a folda ɗin sauke-sauke kuma babu wanda ya taɓa su, sai da na jona kebul na ja su zuwa kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Hotuna kuma na ga wasu da ɗan alamar gajimare mai layi a kai, ma'ana ba su hau ba tukun. Dalili shi ne 15 GB ɗin kyauta da Google ke bayarwa ya kusa cika, don Gmail da Drive da hotuna duk a tukunya ɗaya suke ci, har bakof ɗin WhatsApp ma ya shiga lissafin tun 2024. Masu iCloud, wato ma'ajiyar Apple, 5 GB kawai suke da shi kyauta, su nasu ya fi saurin cika. Na buɗe hotunan a kwamfuta na ga sun buɗu da idona kafin na yarda.

Wanda ya kusa kufce min shi ne Google Authenticator, manhajar nan mai ba da lambobi shida masu canzawa duk bayan sakan 30. Akwai akawun biyu da lambobinsu ke kan tablet ɗin kaɗai, da na goge ba tare da na mayar da su waya ba da na kulle kaina a waje. A cikin manhajar akwai wurin fitar da akawun, ta nuna maka hoton QR ka ɗauka da ɗaya na'urar, minti biyu an gama. Don Allah in kana amfani da irin wannan ka duba, ba wanda zai tuna maka.

Daga nan na ɗauko ɗan tsinken nan na zaro tiren gefe, na cire sim da memori. Memori yana da nasa sirrin, yawanci riset ba ya taɓa shi, wato za ka iya miƙa wa mutum tablet a goge fes amma hotunanka na nan a katin. In kuma ka taɓa sa masa makulli ko ka mayar da shi ɓangaren ma'ajiyar ciki, to ka kwashe abin da ke kai tun kafin riset, don mabuɗin makullin yana tafiya tare da gogewar kuma katin ba zai sake karantuwa ba sai an yi masa fomat, wato an goge shi kakaf.

Sannan na shiga wurin akawun na cire na Google da hannu, na cire na kamfanin da ya ƙera tablet ɗin shi ma. Na bar ta a caji, an ce a kai aƙalla kashi 70, tawa tana 90 da wani abu amma duk da haka ban zare wayar cajin ba. Na shiga saiti, sistem, wurin riset, na zaɓi goge duka bayanai, ta tambayi fin ɗina na buɗe sikirin, ta nuna jerin abin da zai tafi, na danna. Sikirin ya yi baƙi, tambarin kamfani ya fito, wani ɗan layi na tafiya a hankali, ta ɗan yi ɗumi a hannu. Ba ta kai minti 15 ba ta dawo da gaisuwar farko tana neman a zaɓi yare.

Hukuncina, gogewar ita kanta ta yi, ba ni da ƙorafi, har tablet ɗin ta ƙara sauri. Tsoron da nake ji na kada wani ya tono hotunana ma ya ragu da na gane cewa na'urorin da suka fito da Android 10 zuwa sama bayanansu a rufe suke da makulli tun asali, riset na lalata mabuɗin makullin, abin da ya saura ba mai iya karanta shi. In taka tsohuwa ce sosai ka duba wurin tsaro ka kunna rufe bayanan da kanka kafin ka goge. Abin da bai gamsar da ni ba shi ne shafin gargaɗin ƙarshe a tablet ɗin tawa, ya lissafa abin da zai goge amma bai ce uffan kan lambobin tantancewa ko fayilolin da ba su hau bakof ba, kuma nan ne mutane ke asara. Taurari huɗu cikin biyar zan ba riset ɗin.

Kafin in miƙa mata na bi saitin farko har ƙarshe ba tare da sa wani imel ba, don in tabbatar ba za ta nemi akawun ɗina ba, kuma ba ta nema ba. Na kuma shiga akawun ɗina ta waya, wurin jerin na'urori, na fitar da tablet ɗin daga ciki. Ƙanwata ta sa nata imel a daren, yanzu haka littattafanta ne cike a ciki.