Streets of Rage 4: Wasan da Ake Cin Bashin Rai Don a Yi Duka

Shekara 26 ke tsakanin Streets of Rage 3 na 1994 da wannan na huɗu a jerin wasannin bidiyon, wanda ya fito ranar 30 ga Afrilu, 2020. Dotemu, Lizardcube da Guard Crush Games ne suka haɗa shi da izinin Sega. Tsarinsa na gado ne: ka nufi dama, 'yan daba su tare hanya, ka share su, ka isa wurin ogan mataki. Matakai 12 ne, kuma mai hannu zai gama labarin cikin awa biyu zuwa uku. Abin da ya sa ake komawa kansa bayan an gama shi ne yadda aka gina faɗan.

Zuciyar faɗan ita ce bugu na musamman. A wasa na biyu na jerin, yana cin ranka, kuma abin da ya ci ya tafi ke nan. A nan abin da aka yanke yana komawa kore a ma'aunin rai, kamar bashi. Idan ka ci gaba da dukan abokan gaba, koren zai riƙa dawowa da kaɗan-kaɗan. Idan kuwa wani ya taɓa ka ko sau ɗaya kafin ka biya, koren duka ya ƙone, ga kuma ɓarnar dukan da aka yi maka. Wannan ƙa'ida guda ta sauya komai. Mai tsoro da ke ɓoye bugun na musamman sai ya ga an yi masa zobe. Mai garaje da ke jera shi sau uku sai ya ga rabin ransa ya zama kore, wani ƙaramin ɗan daba irin wanda ake kira Galsia ya zo da wuƙa a guje ya kwashe shi. Dabarar ita ce ka ci bashin lokacin da akwai wanda za ka daka nan take, kuma babu kowa a bayanka.

Bugun iri uku ne. Na tsaye, wanda ake danna maɓallin shi kaɗai, na kare kai ne: yayin da kake yin sa duka ba ya kama ka, shi ya sa ya zama mafita idan an kewaye ka, tunda wasan ba shi da maɓallin tare duka. Na gaba yana da ƙarfi amma yana barin ka a buɗe. Na sama shi ne na tsawaita jerin duka. Ban da su akwai bugun tauraro, wanda ba ya cin rai, sai dai taurarin ƙidayayyu ne, gara a ajiye wa oga.

Abu na biyu da ya ƙara wa faɗan armashi shi ne bango. Abokin gaba da aka cilla ba ya ɓacewa a gefen allo kamar da, yana bugun gefen ya dawo, ka tare shi a iska ka ci gaba. Haka makami: ka jefa bututun ƙarfe, ya bugi mutum ya yi tsalle, idan ka danna a daidai lokacin sai ka cafe shi ka sake jefawa. Makin jerin duka yana taruwa, amma ba ya shiga aljihunka sai jerin ya ƙare lafiya. Aka buge ka a tsakiya, ya zube. Tunda da maki ake samun ƙarin rai, wasa mai tsafta shi ne kuma hanyar tsira.

'Yan wasan sun bambanta da gaske. Axel matsakaici ne, mai ɗan nauyin ƙafa. Blaze ta fi dacewa da mai son riƙe mutum a iska. Cherry ita kaɗai ce ke gudu a cikin huɗun farko, dukanta ba nauyi amma tana jerawa. Floyd a hankali yake, sai dai hannayensa na ƙarfe suna kamo mutum daga nesa, har yana ɗaga biyu ya gwara su. Adam, da ake samu bayan mataki na 4, yana da ɗan zabura gaba, kuma shi ya fi sauƙin koyo.

A nan ne babban ƙorafin yake. Wanda ya saba da gudu da mirginawa na wasa na uku zai ji an ɗaure masa ƙafa, musamman a gaban 'yan sanda masu garkuwa, waɗanda garkuwarsu ke dawowa idan ka sassauta, ko ogogin da ke shanye duka ba su ko girgiza ba. Idan oga ya fara walƙiya, jerin dukanka ba zai tsayar da shi ba. Ka matsa sama ko ƙasa, domin yawancin hare-hare a layi ɗaya suke tafiya. Ɗan daban da ake kira Donovan kuma yana jiran mai yawan tsalle ya tarbe shi da naushi. Idan aka jefa ka, riƙe sama da maɓallin tsalle ka dira da ƙafa. Wasan bai koyar da waɗannan sosai ba, kuma laifinsa ne.

Zanen hannu ne, mai kyau, kuma motsin kowane abokin gaba yana karantuwa kafin ya kawo hari. Kiɗan kuwa, Olivier Deriviere ne ya jagorance shi, da gudummawar Yuzo Koshiro da Motohiro Kawashima na tsoffin wasannin. Mutum huɗu na iya bugawa a na'ura ɗaya, ta intanet kuwa biyu kacal. In kun kai huɗu, ku kashe zaɓin dukan juna, in ba haka ba koren ran abokinka kai za ka ƙona masa.

Ƙarin Mr. X Nightmare na Yulin 2021 ya cancanci saye: ya kawo Estel, Max da Shiva, da yanayin tsira inda kake zaɓar ƙarin ƙarfi bayan kowane zagaye, kuma a nan ake buɗe sababbin salon bugu ga kowane ɗan wasa. Sabon shiga ya fara da matsakaicin wahala da Blaze ko Adam, ya bar Mania, matakin wahala mai tsanani, sai ya iya biyan koren ransa ba tare da kallon ma'aunin ba.