Tsohuwar amfilifayar Baba da hedifon: abin da kunnena ya ji

Na so in yi wannan rubutu tun makon farko, amma na danne zuciyata, na ce sai na ga hunturu da bazara sun wuce ta kanta, damina ta kankama, sannan in buɗe baki. Kayan lantarki a Bauchi ba a yabonsu a rana ɗaya.

Amfilifayar da nake magana a kai, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa. Pioneer ce, samfurin SX-780, mai rediyo a jikinta, irin wadda aka fito da ita a 1978. Baba yana cikin ma'aikatan da aka dawo da su daga Maiduguri da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, 'yan shekaru bayan haka ya saye ta tare da garmaho da lasifika biyu masu akwatin katako. Mun buɗe ido mun gan ta a falo an lulluɓe ta da ƙyalle, ba mai taɓa ta sai shi. Bayan rasuwarsa aka kai ta ɗakin ajiya. Lasifikan dai gara ta gama da su, ita kuwa ƙarfe ne da gilashi, ta tsira.

Abin da ya tuna min da ita shi ne wani hedifon na hannu da na saya wurin abokin aikina, Sennheiser HD 600. Gidana a Fadaman Mada ƙarami ne, lokacin da nake samun natsuwa kuma bayan Isha ne, yara sun yi barci, ba halin kunna lasifika. Da na jona hedifon ɗin a waya sai na ji kamar an cuce ni. Na ƙure murya amma sautin siriri, ganga ba nauyi, kamar mai kiɗan yana bayan katanga. Har na fara neman kuɗin sayen 'yar ƙaramar amfilifaya ta zamani, sai na tuna akwatin Baba yana da wani rami a gaba da aka rubuta PHONES a kansa, wanda ban taɓa ganin an cusa wa komai ba.

Na je na gaida Hajiya, na faɗa mata buƙatata.

"Akwatin Malam? Ai na zaci ya mutu tuni," in ji ta. "Ɗauka, amma kada ka sayar."

"Hajiya, ko mutuwa ya yi ba zan sayar ba."

Ba ta tashi ba da aka jona ta. Mai gyaran farko da na kai wa ya ɗaure fis ɗin da ya ƙone da zaren waya, ya ce shi ke nan. Ban bar shi ya kunna ba, na ɗauko kayata. Fis ba ya ƙonewa a banza, wanda ya ɗaure shi da waya ya cire mai gadi ne daga bakin ƙofa. Na biyun wani dattijo ne wajen Wunti da ya tsufa cikin gyaran rediyo, ya riƙe ta mako uku. Ya busa ƙura, ya wanke maɓallan da ke ƙarƙara, ya canza kondensa da dama waɗanda ruwan cikinsu ya bushe saboda shekaru, ya sa fis daidai da lambarta. Sannan ya ɗora mita a bakin lasifika ya nuna min cewa wutar da ke tsiyaya ba tare da kiɗa ba 'yar kaɗan ce, ba ta kai milibolt 50 ba. Ya ce, "Ɗana, tunda a kunne za ka ɗora, wannan awon ya fi komai. Lasifika babba tana jurewa, na kunne ba ya jurewa."

Shi ne kuma ya nuna min sirrin ramin nan. Yawancin amfilifayoyin shekarun 1970 ba su da wani sashe na daban don hedifon. Wutar da za ta tafi lasifika ita ake ɗebowa, a bi da ita ta rasista, wato ɗan abin da ke tare wuta, ɗaya a hagu ɗaya a dama don a rage mata ƙarfi, sai ta fito ta ramin. Rasistocin nan sukan kai om 220, ko 330, ko 470, wasu ma sun fi haka (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta). Duk daɗin wannan na'ura da duk aibinta daga waɗannan 'yan ƙananan abubuwa biyu suke fitowa.

Ga lissafin a sauƙaƙe. SX-780 tana ba da wat 45 a kowane ɓangare in lasifika mai om 8 ce, wato kusan bolt 19. Mu ɗauka rasistan om 330 ne. HD 600 om 300 ne, don haka kusan rabin wutar ke isa gare shi, wajen bolt 9. Yawancin wayoyin hannu da ƙyar suke kai bolt 1. Ashe ba cuta ta aka yi ba, yunwa hedifon ɗin yake ji. A zamanin da aka ƙera waɗannan akwatuna, hedifon masu om da yawa su ne yayi: Sennheiser HD 414 na 1968 om 2,000 ne, AKG K240 na farko om 600. Don irinsu aka haƙa ramin.

Daren farko ban yi barci da wuri ba. Na sa wani kiɗan kalangu da na sani tun ina yaro, na ji yadda makaɗin yake matse tsarkiya da hammata, muryar kalangun tana hawa tana sauka kamar mutum yana magana. A waya ina jin bugun ne kawai, a nan har jikin fatar nake ji. Kukuma ma haka, gogar tsagiya tana fitowa da ɗan kaushinta, ba a goge ta ta yi sulɓi ba. Muryar namiji kuwa ta yi kauri, ta cika, kamar yana zaune a tabarma kusa da ni. In ƙira'a na sa, numfashin makarancin tsakanin aya da aya ba ya ɓata. Abin da ya fi kama ni shi ne sautin ba ya gajiyar da kunne. Ina iya awa biyu ban ji ina son cirewa ba.

Daga baya na gane cewa wani ɓangare na wannan kauri ƙari ne, ba haka aka ɗauki sautin ba. Om 300 ɗin HD 600 ba tsayayye ba ne. A wajen sauti mai ƙugi, kusan haz 100 a ma'aunin kaurin sauti, yana haura om 500. Idan akwai babban rasista a gabansa, duk inda om ɗin hedifon ya hau, rabonsa na wuta ma hawa yake, sai ƙugin ya ƙaru da kusan desibel 2 a ma'aunin ƙarfin sauti. Bayan haka amfilifayar ba ta riƙe fatar hedifon gam, kamar mahayin da ya sassauta linzami: ganga ta buga, ta ɗan ja kafin ta tsaya. Masu awon sauti suna da ƙa'idar cewa om ɗin ramin kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na om ɗin hedifon, kuma wannan akwati ya karya ƙa'idar nesa ba kusa ba. Na aro 'yar amfilifayar zamani wurin abokin nan nawa na gwada su mako guda. Tasa ta fi tsabta, ta fi kaifi, bugun ganga yana tsayawa cak inda ya kamata. Wanda aikinsa haɗa sauti ne a situdiyo, ita zai ɗauka, kuma yana da gaskiya. Ni da nake sauraro don in huta, na mayar masa da tasa ban yi kewarta ba.

Inda ta gaza, ta gaza ƙwarai. Ƙanena ya zo da iyafis ɗinsa na cusawa a kunne, muka sa masa adafta, don ramin babba ne, milimita 6.35, ba 3.5 irin na waya ba. Tun kafin a sa kiɗa muka ji shuuu kamar yayyafi a kan kwano. Da aka sa kiɗan, ƙugi ya kumbura ya danne murya, kuma da an ɗan taɓa maɓallin sai ƙara ta yi yawa. Wani hedifon mai om 32 da ke gidan shi ma bai yi daɗi ba, ko da yake bai kai iyafis ɗin muni ba. Duk wanda abin sauraronsa irin waɗannan ne, ya zauna da wayarsa, ta fi masa.

Ko da HD 600 ɗin akwai abin da sai da na koya. Maɓallin murya an yi shi ne don lasifika, don haka kafin ya kai inda agogo ke nuna ƙarfe tara kunne ya ƙoshi. A can ƙasa-ƙasa kuma hagu yakan riga dama fitowa, abin da tsofaffin maɓallai suka saba yi. Maganin da na samu shi ne in rage muryar wayar kaɗan, don in samu damar ɗaga na amfilifayar zuwa inda ɓangarorin biyu suke daidaita. Wayar kuma a AUX ake jona ta, da wayar nan mai kai biyu ja da fari. Kada a kuskura a sa ta a PHONO. Wancan bakin na garmaho ne, yana ninka sauti sosai yana kuma ƙara ƙugi, abin da zai fito ba zai sauraru ba. Akwai maɓallin LOUDNESS da ke ƙara ƙugi da kaifi in ana sauraro a hankali. Da lasifika yana da amfani, da wannan hedifon kuwa gishiri ne a kan miyar da ta riga ta ji.

Na mayar da wasu abubuwa al'ada. Ina mayar da murya sifili kafin in kunna, in jira 'yan daƙiƙu sai na ji rile, ɗan makunnin da ke cikinta, ya yi ƙas, sannan in cusa hedifon. In zan kashe, shi nake fara zarewa. Ƙarfin da ke cikin akwatin nan ya isa ya lalata kunne, kuma kunne ba shi da kayan gyara a Wunti. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar kada su wuce awa 40 a mako a kan desibel 80. HD 600 buɗaɗɗen baya ne, sautin waje yana shiga, don haka na yi wa kaina ma'auni: in uwargida ta yi min magana daga ƙofa ban ji ba, na wuce gona da iri. Wannan buɗewar tana da wata fa'ida da ban yi tsammani ba, ko na kai asuba ina aiki, kiran ladan ba ya wuce ni. Uwargida kuma tana jin ɗan sautin da ke fita in dare ya yi tsit, shi ya sa na koma falo.

Sai maganar wuta, wadda a garinmu ita ce rabin labarin kowace na'ura. Ba na jona ta sai ta sitabilaiza. A ƙaramin janareto ban sake gwadawa ba tun ranar da na ji taransifomarta tana gurnani. A sola, inbatar da nake da ita da farko mai araha ce, tana sa wani zzzz a kunne wanda ba ya tafiya ko an rage murya, sai da na canza zuwa mai ba da wuta mai tsabta irin ta layi ya ɓace. Amfilifayar kuma tana cin batir fiye da kima idan aka duba ɗan aikin da nake sa ta: akwati mai nauyin kilo 11 don ya motsa abin da bai kai rabin kilo ba. A zafin Maris da Afrilu samanta yakan yi zafi sosai. Ƙyallen nan na Baba sai ta huce nake mayar mata, amma a hunturu dole ne, don mako biyu na barinta a buɗe ya isa maɓallan su soma ƙarƙara.

Ta Baba a nan aka saya, wutarta daidai da tamu ce, bolt 220 zuwa 240. Wanda zai sayi irinta cikin kayan gwanjo ya juya bayanta ya karanta kafin ya jona. Ta Amurka bolt 120 ce, ta cikin gidan Japan bolt 100, in aka cusa su kai tsaye hayaƙi za a gani. Ta Japan ɗin kuma rediyonta daga 76 zuwa 90 take kamawa a zangon FM, ba za ta kai Globe FM da ke kan 98.5 ba. Rediyon tamu tana kama tashoshin gari tas da 'yar eriyar waya, sai dai ba ta da gajeren zango, shi ya sa Baba yake da wata ƙarama daban don labaran safe.

Mutane biyu sun tambaye ni ko su je su nemo irinta don hedifon kawai. Na ce musu a'a. Kuɗin saye da na gyara da na sitabilaiza sun fi kuɗin ƙaramar amfilifaya sabuwa, wadda za ta yi aiki da kowane irin hedifon, ta kuma ci wuta kaɗan. Amma gidajen tsofaffin ma'aikata a Bauchi da yawa akwai Sansui ko Kenwood ko Technics a ƙarƙashin gado, wasu ma ana ba 'yan gwangwan su a kuɗin ƙarfe, abin da ke yi min ciwo ƙwarai. Wanda yake da ita a gida, yake kuma da hedifon mai om 250 zuwa sama, ya kai ta wurin mai gyara na ƙwarai a auna masa ita kafin ya kashe ko kwabo a wani abu.

Dattijon nan ya gargaɗe ni da abu ɗaya game da wannan samfuri. Ƙarfinta yana fitowa ne daga wasu baƙaƙen fakiti biyu masu lamba STK-0050, an daɗe da daina yin na asali, na kasuwa kuma jabu sun yi yawa. Hedifon ba ya wahalar da su kamar lasifika, wannan ya ɗan kwantar min da hankali. Yanzu abin da ya rage garmahon ne. Na same shi a ɗakin ajiyar tare da faifai goma sha ɗaya a cikin kwali, bel ɗinsa ya narke, allura ta karye. Na kai wa dattijon ranar Asabar, ya ce in koma bayan sati biyu.