Maganin da ake zuba wa fetur: abin da ya yi wa injin jirgina a Lagdo da abin da ya kasa

Kwalbar maganin fetur da dillalan kayan inji suke kawowa daga Garwa tana ɗauke da alkawura uku a jikinta: wai tana hana mai lalacewa, tana wanke kafireta, kuma tana korar ruwa. Na yi amfani da ita tun daga ƙarshen rani har damina ta wuce, a injina Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40 wanda nake dakon kifi da fasinja da shi a tafkin Lagdo da ke arewacin Kamaru. Alkawari na farko ta cika shi, na biyu da dama-dama, na uku kuwa, wanda saboda shi mutane suka fi sayenta, babu shi sam.

Yawancinmu a bakin ruwa zuwa-zuwa muke sha, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri da ake sayarwa a jarka, kuma jarka ba ta zuwa da takardar da za ta faɗi abin da aka gauraya a ciki. A Amurka kusan duk fetur yana da itanol, wato wata irin barasa da ake gaurayawa da fetur, kashi 10 cikin ɗari, Faransa ta fara sayar da irinsa a 2009, na Brazil ma ya zarce kashi ɗaya cikin huɗu, masu ƙera injin jirgin ruwa kuwa ba su yarda a wuce kashi 10 ba. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ɗanɗana tasu kuɗar a watan Fabrairu na 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai mitanol (wata irin barasa ce ita ma) fiye da kima har motoci suka lalace.

Illar itanol ita ce yana shan ruwa, ko daga laimar iskar da ke shiga ta ƙofar numfashin tanki, ko daga feshin igiyar ruwa. Yana riƙe kaɗan ba tare da matsala ba, amma da zarar ruwan ya kai wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari, wato kusan mililita 125 a tanki mai lita 25, sai itanol ɗin ya rabu da fetur ya bi ruwa su kwanta a ƙasa, daidai inda tiyo yake zuƙa. Ga mai inji irin namu da ake haɗa man inji da fetur, lita 1 a cikin 50, abin ya fi muni, domin man injin yana zaune a sama tare da fetur, abin da ke ƙasa kuma ba shi da maiƙo ko kaɗan. Injin zai yi tari, ya ja da ƙyar, fistan yana gogar ƙarfe a bushe, fetur ɗin da ya rage a sama shi ma ƙarfinsa ya ragu.

A tsakiyar damina na tsiyayi mai daga gindin tanki a kwalbar gilashi. Ya fito da dishi-dishi kamar ruwan wankin shinkafa, da ya natsu sai ga wani ruwa mai kaurin yatsa biyu kwance a ƙasa. Na zuba maganin ninkin abin da aka rubuta, na girgiza, na bar shi ya kwana, da safe layin yana nan inda yake. Man da ya riga ya rabu ba ya komawa, sai dai a juye tankin gaba ɗaya. Ana kuma so a karanta jikin kwalba da kyau, domin wasu magungunan korar ruwa su kansu barasa ce, ka ga an ƙara wa ciwo gishiri ke nan.

Inda maganin ya biya kuɗinsa shi ne ajiya. Lokacin da na jingine injin na wasu makonni, na zuba shi a sabon mai, na tayar da inji har ya ratsa kafireta, kuma da makanike ya buɗe ta daga baya bai tarar da ɗanƙon nan mai launin ƙasa da ya saba toshe ƙananan hujojinta ba. Amma wanda yake ƙone tankinsa kullum bai buƙace shi ba, musamman da litar fetur ta kai sefa 840 a gidan mai a Fabrairu 2024, kowace ƙarin ɗawainiya kuma a kan ribar kifi take sauka.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne filta mai raba ruwa da mai, mai tace ƙazanta mai ƙanƙanta har maikiron 10 (kashi ɗaya cikin ɗari na milimita), wadda aka ɗaura tsakanin tanki da inji. Kaskonta na ƙasa ana ganin cikinsa, don haka kafin in tashi nakan duba, in kwance noti in zubar da abin da ya taru. Na kuma canza tsohon tiyo da famfon matsawa, waɗanda robarsu ta fara marmashewa ta ciki. Sabuwar jarka kuwa ba na zuba ta sai na gwada: in sa ɗan ruwa a kwalba in ja layi daidai kansa, in cika da fetur, in girgiza, in jira ya natsu. Idan ruwan ya haura layi, akwai itanol ko mitanol a ciki, irin wannan mai kuma a ranar nake ƙone shi, ba na barinsa ya kwana a tanki.