Zabun na Hijaz ko atamfar gida: wanne yarinya za ta saka ranar hafalar makaranta?

Ƙanwata, tambayarki ta tsaya mini a rai. Kin ce 'yarki shekararta 11, tana aji shida a nan Makka, makarantarsu za ta yi hafala, wato bikin Ranar Kafuwar Saudiyya, abla, wato malamarsu, kuma ta ce kowace yarinya ta zo da kayan gargajiya. Ita ta kafe atamfa take so da ɗaurin ɗankwali irin na kakarta. Ke kuma gabanki na faɗuwa, domin bara wasu 'yan ajinsu sun sa ta a gaba da dariya a kan kitsonta har ta dawo gida tana kuka. Shi ne kike tambaya ko ki biye mata, ko ki saya mata zabun, doguwar rigar gargajiya ta matan Hijaz, ta saje da sauran. Ni sana'ata ɗinki, kuma duk watan Fabrairu kekena ba ya hutawa saboda wannan hafalar, don haka bari in ajiye miki kayan nan biyu gefe da gefe yadda nake ganinsu.

Mu fara da ranar kanta, domin ita ce ke raba gardamar da yawa. Ranar Kafuwa 22 ga Fabrairu ce, an fara bikinta a 2022 da umarnin Sarki Salman, ana tuna shekarar 1727 da Imam Muhammad bin Sa'ud ya kafa daular Saudiyya ta farko a Dir'iyya. Daban take da ranar ƙasa ta 23 ga Satumba, wadda yara ke saka kore da fari. A Ranar Kafuwa abin da ake so a gani shi ne tufafin dā na yankunan ƙasar guda biyar: na tsakiya, wato Najad, da na yamma inda muke, wato Hijaz, da gabas da kudu da arewa. A wannan ma'aunin zabun ya amsa abin da aka tambaya kai tsaye. Atamfa kuwa ta dogara da abin da abla take nufi da "gargajiya". Wasu malamai kayan yankunan Saudiyya kaɗai suke nufi, wasu kuma murna suke yi idan 'yar Bukhara da 'yar Jawa da 'yar Hausa kowacce ta zo da nata, tunda Makka haka take. Tura wa abla saƙo yau, tambaya ɗaya tak: na yankunan ƙasar ne kawai, ko kowa da al'adar gidansu? Kada yarinya ta je ta tarar ita kaɗai ce ta fahimci umarnin daban, wannan ya fi dariyar yara ciwo.

Ta fuskar sauƙin samu, zabun ya yi gaba. Da an shiga watan, kasuwar Utaibiyya cike take da ɗinkakku na yara. Sai dai yawancin na kasuwa yadinsu mai santsi ne mai riƙe zafi, zaren gwal ɗin da ke bakin wuya kuma yana sukar fata. Juya shi ciki waje kafin ki biya, ki shafa ɗinkin a bayan hannunki. Idan ya yi miki kaushi, yarinya ba za ta kai lokacin fusaha, wato hutun tara, ba sai ta fara soshe-soshe. Cikakken kayan kuwa ba riga ɗaya ba ce: akwai wando, da sidiriyya mai maɓallai a ƙirji, da zabun ɗin a sama, sannan a kai mihrama, ƙyallen da ke rufe gashi, da mudawwara, gyalen da ake ɗorawa a kanta. Atamfa ba ta da wannan tarkacen. Turmi yadi shida ne, yarinya mai shekarunta yadi huɗu ya ishe ta har da ɗankwali, kuma wajajen Shari' Mansur, wato titin Mansur na nan Makka, ba a rasa ta. Abin da take ci shi ne lokacin tela, kuma a wannan watan kowane tela hannunsa cike yake.

Yanzu ga abin da iyaye ba su cika dubawa ba, ni kuma a wurina shi ne rabin zancen: kayan za su zauna a jikinta tun daga layin safe har tashi? Yarinya 'yar shekara 11 ba amarya ba ce da za ta zauna wuri ɗaya. Za ta hau bene, ta ruga, ta zauna a ƙasa ta ci abinci. Idan atamfa ce, kada ki kuskura ki ɗaura mata zani. A yi mata siket mai roba a ƙugu ko doguwar riga. Ɗankwalin kuma ki ɗaura shi a kanta tun a gida, ki cire shi a hankali yadda yake, ki kama ninkin da zare da allura ta ciki ya zama kamar hula, ta yadda ko ya faɗi za ta mayar da kanta. Ture-ka-ga-tsiya yana da kyau a hoto, amma ba na aji ba ne. Mudawwara ma halinta ke nan, yadi ne marar nauyi mai zamewa, idan ba a kama shi da ƙananan fil ba, kafin ƙarfe tara yana wuyanta. A nan kunnen doki suka yi. Duk wanda kika zaɓa, ta saka shi a gida ta wuni da shi, ta yi alwala da shi, ta shiga bayi ta fito. Dariyar da na fi ji iyaye suna kawo mini ƙara a kanta ba ta irin kayan ba ce, ta kayan da suka kwance a gaban mutane ce.

Sai maganar da ta hana ki barci. Kina ganin kamar zabun garkuwa ne, idan ta saka ba wanda zai kula ta. Ina so in gaya miki gaskiya ko da ba daɗi: yaran da suka yi mata dariyar kitso ba kitson ne ya dame su ba. Idan ta zo da atamfa, mai neman magana za ta ce, wannan kayan ina ne. Idan ta zo da zabun, ita dai waccan za ta iya cewa, ke me ya haɗa ki da kayan Hijaz. Launin fatarta zai bi ta cikin kowace riga, kuma ba abin ɓoyewa ba ne. Bambancin da ke akwai shi ne yawan idon da zai hau kanta. Da zabun za ta zama ɗaya cikin yara masu yawa, ido kaɗan ne. Da atamfa duk makarantar za ta kalle ta, wasu don sha'awa, malamai su ɗauke ta hoto, wasu kuma don tsokana. Akwai yarinyar da wannan kallon ke ƙara mata tsayi, akwai wadda yake sa ta laɓe a bayi har a tashi. Ke kika haife ta, kin fi ni sanin wacce ce taki. Amma yarinyar da aka yi wa dariya bara, bana kuma da bakinta ta ce atamfa take so, ni ina ganin akwai ƙarfin zuciya a wurin da bai kamata a danne shi ba.

Abin da nake roƙonki shi ne kada kalmar "za su yi miki dariya" ta fito daga bakinki. Idan uwa ta faɗa, yarinya ba ta jin ta a matsayin gargaɗi, ji take yi uwata ma ta yarda kayanmu abin kunya ne. Haka nan idan zabun kika zaɓa, kada ki miƙa mata shi a matsayin maɓoya. Nata ne. A Makka aka haife ta. Kakanninmu da ƙafa suka ratso Chadi da Sudan suka haye teku daga Sawakin zuwa Jidda, wasu tun kafin Turawa, wasu da yawa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a Misfala da Jarwal da Hindawiyya. Seriya, gasasshen naman nan da mutanen Makka ke layi a kansa, tsiren gidanmu ne. Usama Hausawi, haifaffen garin nan, shi ya riƙe kambun kyaftin na ƙungiyar ƙwallon ƙasar a gasar duniya ta 2018 a Rasha, kuma a tawagar akwai Umar Hausawi da Mu'utaz Hausawi. Gaya mata waɗannan, ba don ta je ta yi wa kowa lacca ba, don dai idan aka tambaye ta ta san abin da za ta ce a taƙaice, ba tare da muryarta ta yi rawa ba.

To, ga inda na tsaya. Idan abla ta ce na yankunan ƙasar ne kawai, zabun za ta saka, kuma dalilin da za ki ba ta shi ne dalilin gaskiya: abin da makaranta ta nema ke nan. Atamfar a ɗinka mata ita duk da haka, kada ta ga an yi mata wayo, ta saka a sallah ko ranar al'adun ƙasashe idan makarantarsu na yi. Kuma zabun ɗin ba dole sai na kasuwa ba. Ina yanka shi daidai yadda Hijazawa ke yi amma da shadda mai kyau, in yi ɗan surfani a bakin hannu, a sa mata murjanin kakarta a wuya. Mai ido zai gane 'yar gidan wa ce, marar ido kuma zai ga zabun mai kyau kawai. Idan kuwa abla ta ce kowa da nasa, ki bar ta da atamfarta, amma kada ta tafi ita kaɗai. A makarantun unguwanninmu da wuya a ce babu wata 'yar Hausawi ko Barnawi ko Fallata, wato masu asalin Hausa ko Barno ko Fulani, a ajin ko na kusa da shi. Nemi uwayensu, ku yanki turmi ɗaya ku yi musu anko. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, mai tsokana kuma wanda ke tsaye shi kaɗai take nema.

Kan lalle, jan lalle na gargajiya kawai. Baƙin nan da ake haɗawa da dayis yana ɗauke da sinadarin rinin gashi, yana iya ƙona fatar yaro ya bar tabo daidai zanen. Kwalliyar fuska kuma ki tambayi dokar makarantar tukuna.

Abu ɗaya ya rage, kuma bai da alaƙa da allura. Dariyar bara, idan an ambaci launinta ko asalinta kuma an maimaita, ba wasan yara ba ne, tanammur ne, wato cin zali, kuma dokokin ladabtarwa na makarantu sun hana shi. Kada ki jira hafala ta wuce. Je ki ga murshida, malamar da ke kula da matsalolin ɗalibai, ki faɗa mata abin da aka ce da wanda ya faɗa, ki nemi ta sa ido ranar, musamman lokacin fusaha da malamai ke shiga ofis. Idan kika ga ana yi miki hanya-hanya, ki rubuta wa mudira, shugabar makarantar, a takarda ki riƙe kwafi. Akwai kuma layin taimakon yara, 116111, wanda iyaye ma suna iya kira don shawara. Ranar hafalar kuma ki ninke maryul ɗinta, wato rigar makarantarta ta kullum, ki sa mata a jaka, ki ce mata idan kayan sun dame ta ta canza, ba wanda zai yi mata faɗa. Idan kin yanke shawara ki kawo mini awonta da wuri, domin makon ƙarshe ba na karɓar sabon ɗinki.