Cloudflare na kyauta: abin da na gani bayan na ɗora shafukan kwastomomina a kai

Aikina haɗa shafukan intanet ne, yawanci da manhajar haɗa shafi ta WordPress, kuma kwastomomina ba wasu manya ba ne, makarantun kuɗi ne da masu sayar da atamfa da turare da wata ƙungiya guda ɗaya. Irin mutanen da in ka ce su ƙara ko sisi saboda tsaro sai su ce maka ai Allah ne ke tsarewa. To shi ya sa kusan duk shafin da na haɗa yanzu sai na bi da shi ta Cloudflare, tsarinsu na kyauta, kuma tunda 'yan uwa masu wannan sana'a suna yawan tambayata ko yana da amfani ko dai surutu ne kawai, bari in faɗi yadda na same shi.

A taƙaice yana da amfani sosai, amma ba irin amfanin da mutane ke zato ba.

Ga wanda bai taɓa taɓawa ba, kamfanin Amurka ne, an kafa shi a 2009, kuma abin da yake yi shi ne ya tsaya tsakanin mai ziyara da sabarka, wato kwamfutar da shafinka ke zaune a kai. Kana buɗe akawun, ka saka sunan shafin, su kwaso bayanan DNS ɗinka, wato bayanan da ke nuna inda sunan shafin zai kai mutum, sai su ba ka nemsaba guda biyu, wato adireshin masu riƙe waɗannan bayanai, ka je wajen da ka sayi domen, wato sunan shafin, ka canza. Shikenan. Har da masu .com.ng yana yi, tunda nemsaba kawai za ka canza, domen ɗin na nan inda ka saye shi. Daga nan duk wanda zai shigo shafin sai ya fara biyowa ta wajensu, su ne za su duba shi kafin su miƙo shi. Kamar maigadi ne a bakin get, yana tantance masu shigowa, amma ba ruwansa da ko ka kulle ɗakinka na ciki, kuma wannan ne abin da da yawanmu ba su gane ba.

Abin da ya fi burge ni tun farko saurin hotuna ne. Yawancin hostin masu araha da muke saye, wato hayar wajen ajiye shafi, sabobinsu suna Turai ko Amurka, to mai buɗe shafi daga Kano ko Zariya da datar waya sai kowane hoto ya taso tun daga can. Cloudflare suna da cibiya a Legas, kuma suna ajiye kwafin hotuna da CSS da JavaScript a cibiyoyinsu, don haka shafin mai atamfa da ke cike da hotuna ya yi sauƙin buɗewa yadda ita da kanta ta lura ba tare da na gaya mata na yi wani abu ba. Sai dai a sani, ba sa ajiye ainihin shafin HTML sai ka saita da kanka, wato in sabarka mai nauyin jiki ce ko ka cika filogin, ƙananan manhajojin da ake ƙara wa WordPress, guda talatin, jiran farko yana nan daram. Suna da wani tsari na musamman don WordPress mai suna APO, dala 5 a wata, ni ban ga dalilin biya ba ga ƙananan shafuka.

Yanzu maganar kwaɗon nan na HTTPS, alamar tsaro a gefen adireshin shafi, wadda ita ce ta sa ma na zauna rubuta wannan. Tun 2014 suke ba da SSL kyauta, wato abin da ke ɓoye bayanai a hanya tsakanin mai ziyara da shafi, kuma tun da Chrome ya fara rubuta wa shafukan da ba su da shi cewa ba su da tsaro a 2018, kowa ya ruga neman kwaɗo. Matsalar ita ce akwai zaɓi da ake kira Flexible, wanda in ka danna shi burauza za ta nuna kamar shafin na da tsaro, kwastoma ya yi murna, kai ma ka karɓi kuɗinka, alhali daga Cloudflare zuwa sabarka bayanan a buɗe suke tafiya, kalmar sirri da lambar waya da komai. Wallahi na karɓi shafuka daga hannun wasu masu haɗawa na tarar da su a haka, har da na makaranta da iyaye ke cike bayanan 'ya'yansu. Kuma shi ne dai ke jawo matsalar nan da shafi zai yi ta juyawa yana tura kansa har burauza ta gaji ta ce turawar ta yi yawa. Abin da ya dace shi ne Full strict, ka sa takardar shaida a sabarka, ko ta Let's Encrypt wadda kyauta ce, ko wadda Cloudflare ɗin ke bayarwa da za ta iya kai shekara 15. Aikin minti kaɗan ne, dan Allah a daina barin mutane a Flexible.

Ta ɓangaren masu kutse kuwa, duk mai WordPress ya san yadda bot-bot, wato manhajoji masu aiki da kansu, ke kwana suna gwada kalmar sirri a wp-login.php da xmlrpc.php ba dare ba rana. A tsarin kyauta ana ba ka dokokin tacewa guda 5, kuma sun ishe ni: ɗaya na rufe xmlrpc gaba ɗaya, ɗaya na sa duk mai son shiga shafin admin sai an tantance shi, sauran na ajiye saboda ko-ta-kwana. Kariyar DDoS ma, wato harin cika shafi da buƙatu har ya tsaya, tun 2017 suka ce ba iyaka ko kana kan na kyauta. Sannan akwai Turnstile, mai tantance mutum ne ko na'ura, da suka fito da shi a 2022, wanda na maye gurbin wancan na zaɓi hoton mota zaɓi hoton gada da shi, kuma saƙonnin banza da ke cika fom ɗin tuntuɓa sun ragu sosai, mutane kuma ba sa wahala.

Amma fa a yi hattara da toshe IP, wato lambar adireshin na'ura a intanet. A nan kusan kowa da datar waya yake shiga, kuma kamfanonin waya suna haɗa mutane da yawa a kan IP guda, to in ka ga wani ya dame ka ka toshe lambarsa, ba mamaki ka toshe kwastomomi masu yawa da ba su ji ba ba su gani ba. Gara ka sa tantancewa maimakon toshewa. Haka shi ma Bot Fight Mode, maɓallinsu na korar bot, yana da daɗin kunnawa, danna ɗaya ne, amma bai san bot na kirki da na banza ba sosai, kuma a na kyauta ba ka da damar ce masa ya ƙyale wane. In shafinka na karɓar kuɗi ta kati, saƙon da kamfanin biyan kuɗi ke turo wa sabarka cewa an biya shi ma na'ura ce ke turo shi, to ka gwada sosai kafin ka bar shi a kunne. Ni a shagunan intanet a kashe nake barinsa.

Wani abu kuma da ake mantawa, gajimaren nan ruwan lemo da ke gefen layukan DNS a akawun ɗinka na Cloudflare. In ruwan lemo ne an ɓoye IP ɗin sabarka, in ruwan toka ne a fili yake. Na imel dole ya zama ruwan toka in ba haka ba saƙo ba zai shigo ba, to in imel ɗinka da shafinka a saba ɗaya suke, kamar yadda yake a yawancin hostin na cPanel, duk mai wayo zai duba nan ya ga ainihin adireshinka ya zagaye Cloudflare ɗin ya zo maka kai tsaye. Wanda ke da VPS, wato sabar da shi ke da ikon saita ta, zai iya saita sabarsa ta ƙi amsa kowa sai IP na Cloudflare, sun wallafa jerinsu. Mai hostin na haɗaka kam sai haƙuri, ko ya raba imel da shafi.

Abubuwan da za su iya takura maka: ba za ka loda fayil da ya wuce 100MB ta cikinsu ba a na kyauta, don haka masu ɗora bidiyon wa'azi ko na walima su nemi wata hanya. In ka gyara zane kuma ka ga bai canza ba, tsohon kwafi ne, ka goge shi ko ka kunna Development Mode, yana kashe kansa bayan awa 3. Taimako kuma sai dai ka karanta takardunsu ko ka tambaya a dandalinsu, kuma yawanci da Turanci ne. Tsarinsu na biya mai suna Pro dala 25 ne a wata, in ka juya shi zuwa naira ka san ba kowane mai shago zai saurare ka ba. Sannan su ma suna faɗuwa, ranar 18 ga Nuwamba 2025 sun samu matsala ta sa'o'i har X da ChatGPT suka tsaya, kowa ya gani.

Filogin ɗin sata da ake saukewa kyauta a Telegram kuwa, wannan babu abin da Cloudflare zai yi maka, tunda kai ka shigo da ɓarawon da hannunka. Haka wanda bai sabunta WordPress ba shekara guda, ko wanda kalmar sirrinsa sunan shagon ne da 123.

Shi kansa akawun ɗin Cloudflare ka kula da shi fiye da komai, domin duk wanda ya shige shi zai iya juya shafin da imel ɗin zuwa inda ya ga dama. Ka sa tantancewa mataki biyu da manhaja irin su Google Authenticator, ka rubuta lambobin ko-ta-kwana a takarda. Kuma maimakon tura wa kwastoma ko abokin aiki kalmar sirri ta WhatsApp, akwai wajen gayyatar mutum da imel ɗinsa, ranar da kuka rabu ka cire shi kawai. Ni yanzu ma kowane kwastoma da imel ɗinsa nake buɗe masa nasa akawun sannan ya gayyace ni, saboda ko gobe ya ce ya samu wanda ya fi ni araha ba sai mun yi rigima a kan domen ba.