Jama'a a yi hattara da masu tallar daɓen kankare mai sheƙi, banish suke shafa wa mutane

Assalamu alaikum. Dan Allah duk wanda yake gini ko yake shirin gyaran gida ya daure ya karanta wannan har ƙarshe, musamman masu sha'awar daɓen nan da ake yayi yanzu, na kankare da ake gogewa har ya riƙa ɗaukar ido, ba tayil ba kafet. Akwai wasu da suka cika Instagram da Facebook da TikTok da talla wai su ƙwararru ne a folish kankare, suna karɓar kuɗin bayin Allah, alhali abin da suke yi bai wuce su shafa siminti siriri a ƙasa su bi shi da banish su kama gabansu ba. Ni kula da aikin gini ne sana'ata, kuma falon yayata uwa ɗaya uba ɗaya aka yi wa wannan ɓarnar a Kaduna, da idona na gani ba labari aka ba ni ba. Ba zan kama suna ba don maganar tana hannun hukuma, kuma ko na kama ba zai amfane ku sosai ba tunda canza sunan shafi suke yi su ci gaba. Salon nasu nake so ku gane.

Hotuna ta gani a shafin ɗaya daga cikinsu masu kyan gaske, ta yi masa magana ta inbos, ya ce zai yi mata falo biyu da koridon a kan kuɗin da bai kai na tayil ba kuma kwana 3 ya gama. Ya ce a ba shi kashi 70 kafin alƙalami saboda wai sinadarin daga Legas ake turo masa, ya ba da lambar akawun mai sunan wani mutum daban ya ce ƙaninsa ne. Lokacin ina wani aiki a wajen gari. Ranar aiki ya zo da yara, buhunan siminti, hodar kala, jarkoki marasa rubutu a jiki, rola irin ta masu fenti, sai giranda ta hannu wadda ake yanka tayil da ita. Kayan aikin kenan kaf. Suka kwaɓa siminti da yashi mai laushi suka shafe saman tsohon daɓen, washegari suka ɗan bi da giranda, suka malala abin cikin jarka da rola. Wallahi ranar da ya miƙa aiki falon sheƙi yake, duk wanda ya gani sai ya ce masha Allah, ita ma cikin murna ta tura masa cikon kuɗinsa.

Ba a daɗe ba ƙafar kujera ta fara zana farin layi a ƙasa. Inda ruwa ya zube ya kwana sai wajen ya yi fari dishi-dishi. Da damina ta kankama abin ya fara kumbura yana tashi yana saɓulewa kamar ɓawon albasa, ƙasansa kuma gari ne yake fita, a share yanzu an jima ƙura ta dawo. In ka ƙwanƙwasa da mukulli sai ka ji yana amsawa ƙwal-ƙwal, alamar shafen bai kama daɓen ƙasa ba kwata-kwata. Ta kira shi, Hajiya gobe zan turo yara, Hajiya jibi, Hajiya ai ruwa kuka cika zubawa, daga nan ya daina ɗauka, ƙarshe ya yi bulokin ɗinta. Ita da ta daɗe tana adashi don ta gyara ɗakinta.

To abin da nake so kowa ya riƙe shi ne wannan: daɓen gaskiya, sheƙinsa daga jikin kankaren yake fitowa, ba wani abu ake shafawa a kai ya kwanta ba. Gurza shi ake da inji mai haƙoran daimon, mataki mataki. Ana farawa da masu kaushi na ƙarfe irin lamba 30 ko 40, su cinye saman su daidaita shi, a hau 80, a hau 150, sannan a koma wani iri daban masu laushi, su kuma daga 100, 200, 400, 800, wanda yake son sheƙi sosai a kai masa 1500 ko 3000. Kowace lamba sai an bi falon gaba ɗaya da ita don ta goge zanen da ta baya ta bari, in aka tsallake ɗaya za ka ga zane a ƙasa in haske ya bugo. A tsakiyar aikin ne ake zuba sinadarin ƙarfafawa, galibi litiyam silikat ko sodiyam silikat, shi kuma tsotsewa yake cikin kankaren ya haɗu da sinadarin da ke cikin simintin ya toshe ƙananan ƙofofi ya ƙara masa tauri. Ba ya yin fata a sama balle ya ɓare. Shi ya sa na gaskiya yana iya dusashewa da shekaru a sake gogewa, amma bai saɓulewa.

Injin da ake wannan aikin ba abin da za a ɗauko a bayan mashin ba ne. Manyan irin su HTC da Husqvarna da Lavina nauyinsu ɗaruruwan kilo ne, don nauyin ne ma yake danna haƙoran su ci kankare, kuma da yawansu wuta mai layi uku suke ci, ma'ana sai da babban janareto. Giranda ta hannu aikinta gefen bango da lungu ne kawai inda babban inji bai shiga. Sannan ko dai a yi gogen da ruwa ko a haɗa injin da na zuƙar ƙura, saboda ƙurar kankare tana da silika mai lalata huhu, cutar da ba ta da magani in ta kama mutum. Su waɗannan haka suka tayar da ƙura a gida da yara a ciki, ko takunkumi yaran aikin nasu ba su saka ba. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

Wani abin da ba za su taɓa gaya maka ba shi ne ba kowane daɓe ne yake goguwa ba. Sabon kankare sai ya yi kwana 28 kafin a sa masa inji, kuma ana son mai ƙarfi ne, giredi 25 ko sama a lissafin injiniyoyi. Mu kuwa mun san yadda ake zuba jaman fulo, wato kankaren ƙasan ɗaki, a yawancin gidajenmu, kwaɓin shebur ne, a rage siminti a ƙara yashi, a tula ruwa don ya yi wa lebura sauƙin ja, tunda an san tayil ne zai rufe. Irin wannan in ka sa masa inji tsakuwar ce za ta riƙa tumɓukewa tana barin ramuka. Kuma sau da yawa ba a shimfiɗa leda a ƙasa kafin a zuba, shi ya sa da damina danshi yake tasowa daga ƙasa, in ya tarar da banish ko wani shafe da ya toshe masa hanya sai ya ɗaga shi. Abin da ya faru a falon yayata kenan. Mai aikin gaskiya kafin ya faɗi kuɗi sai ya zo ya duba, ya karci daɓen ya ji taurinsa, ya ƙwanƙwasa, ya tambayi yaushe aka zuba, wani lokacin ma ya ce maka Alhaji wannan ba zai yi ba sai dai a sake zuba sabo. Zai kuma gaya maka cewa kankare yana tsagewa, shi ya sa ake yanka masa layi da gangan, in kaurinsa santimita 10 ne kusan duk mita 3, don tsagar ta bi layin. Wanda ya yanke maka farashi ta waya bai ga gidanka ba, ya kuma rantse maka ba zai taɓa tsagewa ba, ka riƙe kuɗinka.

Kuma fa abin ba baƙo ba ne a wajenmu in an duba. Tarazo da ke tsofaffin makarantu da asibitoci da ofisoshin gwamnati ɗan uwansa ne, shi ma zubawa ake a bari ya yi ƙarfi a gurza da inji, ga shi nan har yau ana takawa. In ka samu tsohon mai tarazo a garinku ka zauna da shi, zai fi ɗan Instagram ɗin nan gaya maka gaskiyar daɓenka.

Ban ce duk wani shafe damfara ba ne, a yi adalci. Akwai aikin da ake ɗan gurza kankare sannan a shafa sila mai kyau, wato ruwan da ke rufe samansa ya kare shi, akwai kuma efoksi, wani shafe mai kauri da ke daskarewa kamar roba, har da mai hoton nan da ake ce wa 3D. Sana'o'i ne halal, kowanne da kuɗinsa da lalurarsa, sila tana cinyewa sai an riƙa sabuntawa, efoksi kuma ba ya shiri da danshin ƙasa kuma yana komawa rawaya inda rana take bugu. Zambar ita ce a karɓi kuɗin wani abu a yi maka wani, ko a zuba maka banish ɗin kafintoci a ce daga waje aka kawo.

Hotunan da suke sakawa yawanci ba aikinsu ba ne. Na zauna na bi shafin mutumin nan, wasu hotunan na manyan kantunan Amurka ne, can dama irin su Walmart da Costco sun daɗe suna amfani da wannan daɓen, wasu kuma gidajen Turawa ne da aka kwaso a Pinterest. Ku riƙa zuƙo hoton ku duba soket ɗin bango, namu mai ƙafa uku ne irin na Ingila, in ka ga wani iri daban ko ka ga murhun jin ɗumi a falo to ba Kano ba ce ba Abuja ba ce. Ko ka sa hoton a Google Lens, nan take zai nuna maka inda aka sato shi.

Kafin ka ba kowa sisi, ka ce ya kai ka gidan da ya yi wa aiki wanda ya ga damina aƙalla ɗaya, ka yi magana da mai gidan da bakinka. Ka ce ya nuna maka injinsa ido da ido, in haya yake ɗaukowa ba laifi amma ya kai ka wajen. Ka ce ya yi maka samfur na sukwaya mita ɗaya a sito ko wani lungu, ka sa mukulli ka karta da ƙarfi, in wani abu ya naɗe ko ya tashi to shafe ne. Danshi kuma kai da kanka za ka iya gwadawa, ka yanki leda kamar santimita 45 kowane gefe ka manne ta a daɓen da salatif ko'ina, ka bar ta awa 16 ko ta kwana ta wuni, in ka ɗaga ka ga raɓa ko wajen ya yi duhu to akwai danshi, duk abin da aka shafa a kai zai tashi. Ka duba sunan kamfanin a shafin hukumar rajistar kamfanoni wato CAC, kyauta ne, kuma sunan akawun ya zama shi ne sunan kamfanin ko na wanda kake magana da shi. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a sa lambar da za a tsaya a kai, 800 ce ko 1500, a sa sunan sinadarin kuma ya zo a mazubinsa na asali a rufe. Biya kuwa kashi kashi, gwargwadon aikin da ya tsaya a ƙasa. In kuɗin ya yi ƙasa da na tayil mai arha ka tambayi kanka da me zai sayi dizal da haƙoran daimon, araha dai ba ta ado.

Ko na gaskiyar ma ku yi tunani kafin ku sa a falo, don mu mutanen zaman ƙasa ne. Da bazara akwai daɗi sosai, sanyi ƙalau, amma da hunturu sai an shimfiɗa darduma, kuma yana da tauri ga tsofaffi masu ciwon gwiwa da yara masu koyon tafiya. Abu mai tsami irin lemon tsami da zoɓo da tsamiya in ya zube aka bar shi yana cin sheƙin, manja yana shiga ya bar tabo in ba a goge da wuri ba, kuma kada a kuskura a wanke shi da ruwan wankin banɗaki mai asid. Bakin ƙofar banɗaki inda ake fitowa da jiƙaƙƙiyar ƙafa bayan alwala yana santsi, a sa abin taka ƙafa. Mai aikin da ya gaya maka waɗannan tun kafin ka tambaya ya fi kama da mai gaskiya.

Wanda kuma aka riga aka yi wa, kada ka goge komai a wayarka. Ka ɗauki hoton hirarku da tallar da alat ɗin banki da lambar akawun tun kafin ya goge shafin, ka yi bidiyon daɓen, ka kai ƙorafi bankinka a rubuce, ka kai rahoto ofishin 'yan sanda, kana kuma iya shigar da ƙorafi a hukumar kare haƙƙin masu saye wato FCCPC. Karɓar kuɗi da ƙarya laifi ne babba a dokar zamba ta 2006, ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ne. Mutane da yawa kunya ce take sa su yi shiru su ce sun bar wa Allah, shi kuma mutumin ya samu damar zuwa gidan gaba.

Sannan a kula da zagaye na biyu. Tunda maganar ta fita wasu suka fara kiran yayata wai za su gyara mata da kuɗi kaɗan, su ƙara shafa wani a kai ya dawo sabo. Ba gyara ba ne, duk abin da aka ɗora a kan shafen da bai kama ba tare za su tashi. Sai an sassaƙe shi gaba ɗaya har a tarar da daɓen asali, a gwada danshi da tauri, sannan a san me ya dace. Abin da muke yi kenan yanzu a gidan, kuma daɓen nata na ƙasa da muka buɗe ba shi da ƙarfin da zai ɗauki inji, don haka tayil za mu sa mata. Dan Allah a tura wa masu gini da 'yan uwa mata da ke shirin gyaran ɗaki.