Zinare, fili ko hannun jari: ina za ka sa kuɗinka?

Kafin ka nemi wanda ya fi riba, ka fara sanin lokacin da za ka buƙaci kuɗin. Kuɗin da za a iya nema cikin shekara ɗaya ko biyu, da kuma na ko-ta-kwana, wato abin da zai riƙe iyali wata uku zuwa shida, wurinsu asusun ajiya ne. Hauhawar farashi za ta ɗan ci su, amma ranar da ciwo ko rashin aiki ya zo, suna hannunka.

Zinare yana burge mutane saboda ana ganinsa, ana taɓa shi, kuma yakan riƙe daraja idan takardar kuɗi ta faɗi. Sai dai ba ya haihuwa, giram goma da ka ajiye giram goma za ka tarar. Wanda ya saya a watan Janairu na 1980, lokacin da farashin ya kai ƙololuwa, sai a 2008 ya sake ganin wannan farashin a dala. A ganina ya zama wani ɗan kaso ne kawai na dukiyarka.

Fili da gidan haya suna da kyau ga mai haƙuri da jari mai kauri. Matsalarsu ita ce sayarwa: idan buƙata ta matsa, ba za ka yanki ɗaki ɗaya ka sayar ba, kuma mai saye yana gane wanda ke cikin gaggawa. Ga batun takardun mallaka da gyare-gyare.

Sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, da takardun lamunin gwamnati suna tsakiya: riba ba yawa, haɗari ma ba yawa, kuma ka san wa'adinsu. Mai guje wa kuɗin ruwa zai karkata ga sukuk, domin ribarsa daga kadara take fitowa, kamar kuɗin haya.

Hannun jari ne ya fi ba da riba a dogon zango, amma shi ya fi gwada zuciya. Daga 2007 zuwa 2009 ma'aunin S&P 500 na Amurka, mai auna darajar hannun jarin manyan kamfanonin ƙasar, ya zubar da fiye da rabin darajarsa. Kasuwar Japan kuwa, da ta faɗo daga ƙololuwar 1989, sai a 2024 ta koma wurin. Don haka kada ka sa kuɗin da za ka nema kafin shekara biyar a nan, kuma kada ka jingina da kamfani ɗaya ko ƙasa ɗaya. Ga wanda ba shi da lokacin nazarin kamfanoni, na fi son asusun haɗaka mai bin ma'aunin kasuwa, irin wanda John Bogle, wani masanin zuba jari ɗan Amurka, ya fara buɗe wa jama'a a 1976, domin da kuɗi kaɗan kana da rabo a ɗaruruwan kamfanoni.

A nan ne ya kamata ka tsananta bincike kan la'adar masu kula da asusun. Kashi 2 cikin 100 a shekara kamar ba komai ba ne. Amma a ɗauka jarin na ƙaruwa da kashi 7 duk shekara: bayan shekara 30, mai biyan kashi 2 zai tashi da abin da ya gaza na mai biyan kashi 0.2 da kusan kashi 40 cikin 100. Ka nemi a rubuta maka duk abin da za a cira, sannan ka duba ko hukumar da ke sa ido kan kasuwar jari ta ba kamfanin lasisi kafin ka tura ko sisi.